Hutun mako guda a jirgin ruwa cikin kanal: wace hanya ta dace da iyali mai yara da dattijuwa?

Baban Hanifa, Birmingham

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa hayar jirgin ruwa suka yi kwanaki a cikinsa a kanal ɗin ƙasar nan, domin abin ya daɗe a raina amma ban san ta inda zan ɓullo masa ba. Shekarata shida a Birmingham, kuma kusan kullum idan na taso daga aiki nakan bi ta Gas Street Basin, in tarar da siraran jiragen nan masu fenti kore da ja a ɗaure a bakin ruwa, wani hayaƙi na fita ta bututun rufinsa, wani an jera masa tukwanen furanni a ka. Da na yi tambaya sai aka ce mini ana ba da hayarsu, mutum ya tuƙa da kansa, ya kwana a ciki, ya yi girki a ciki, har mako guda ko fiye.

Abin da ya tayar da maganar yanzu shi ne mahaifiyata za ta zo mana daga Kano a hutun makaranta na watan Agusta, in Allah ya kai mu. Zuwanta na farko wata biyu ta yi tsakanin falo da ɗaki, ba ta ga komai na ƙasar ba sai kasuwa da masallaci, har ranar da za ta koma ta ce mini ashe Ingila ba ta da karkara. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Hajiya mutuniyar ƙauye ce, tana son ganin gona da shanu, tana son zama a waje da la'asar, kuma na tabbata idan ta zauna a jirgi yana tafiya a hankali tsakanin gonaki, za ta ga abin da mota ba za ta taɓa nuna mata ba.

Mu shida ne: ni da maiɗakina, da yara uku masu shekara 11 da 8 da 4, sai Hajiya wadda ta kusa saba'in kuma tana fama da ciwon gwiwa. Babu wanda ya taɓa tuƙa jirgin ruwa a cikinmu, kuma ni kaɗai na iya iyo. Babbar matsalar ita ce Hajiya tana tsoron ruwa ƙwarai tun hatsarin jirgin Bagwai na shekarar 2021, wanda ya ci rayukan yara 'yan Islamiyya, domin tana da dangi a wancan yankin kuma ta je ta'aziyya da kanta. Ba na son in ɗauke ta zuwa abin da zai hana ta barci.

Saboda haka ina so in ji ko ana bukatar lasisi kafin a ba mutum jirgi, da kuma ko wanda bai taɓa riƙe shi ba zai iya da iyali a ciki. Wace hanya ce ta fi sauƙi? Wani abokin aikina ya ce in tashi daga nan Birmingham in zagaya ta garuruwan da ke kewaye in dawo cikin mako guda, amma da na duba taswira na ga ƙofofin ruwa birjik a kan hanyar. Sannan yaya ake yi da salla da alwala da abinci? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya Ɗan Kura, Manchester

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya kuma saka maka da wannan niyya. Sau huɗu na yi irin wannan tafiya, kuma shawarata ta farko ita ce ka ajiye maganar zagaye. Hanyoyin zagaye na masu ƙarfi a jika ne, waɗanda za su tashi da asuba su yi awa takwas suna buɗe ƙofa suna rufewa. Daga tsakiyar Birmingham kawai, idan ka gangara ta Farmer's Bridge lok, wato ƙofofin ruwan da ka gani a taswira, 13 ne a jere, idan kuma ka nufi Worcester akwai jerin Tardebigge mai lok 30. Mutum biyu ne masu aiki a jirginka, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana ƙofa, to wa zai riƙe yaro ɗan shekara huɗu?

Ba a neman lasisi. Ranar da za ka karɓi jirgi, galibi bayan azahar, ma'aikacin kamfanin zai zagaya da kai ya nuna maka inji da tukunyar gas da famfo, ya raka ka ɗan nisa har ya ga hannunka ya faɗa. Faɗin jirgin ƙafa 6 da inci 10 ne, tsawon wanda zai ɗauki mutum shida kuwa yakan kai ƙafa 60 ko fiye. Ana tuƙa shi daga baya, a tsaye, da wata sandar ƙarfe: idan ka tura ta hagu, goshin jirgi ya yi dama. Ba shi da birki, sai dai ka sa ribas ka jira ya tsaya, kuma da yake a tsakiyarsa yake juyawa, idan goshi ya yi dama to gindi zai yi hagu. Awa ɗaya ta isa jikinka ya saba. Dokar gudu mil 4 ce a awa, amma a zahiri uku za ka riƙa yi, wato tafiyar mai sauri a ƙasa, kuma idan za ka wuce jiragen da ke ɗaure dole ka rage wuta har ƙasa don kada igiyar ruwanka ta fizge musu turke. Idan kun yi kiciɓis da wani jirgi kowa ya riƙe damansa, saɓanin titin mota na ƙasar nan. Kamfanonin haya ba sa yarda a yi tafiyar dare.

Lok shi ne abin da ya kamata ka fahimta da kyau. Ɗaki ne na bulo ko dutse mai ƙofa a kowane ƙarshe, wanda ake cika shi da ruwa ko a zubar domin jirgi ya hau tudu ko ya gangara. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake murɗa ƙofar kanal a Kadawa a saki ruwan Tiga cikin gonakin shinkafa ya riga ya san rabin aikin. Za a ba ka wani hannun ƙarfe mai lanƙwasa, kamar na tayar da injin niƙa, da shi ake murɗa marfin da ke sakin ruwa, sannan idan ruwan ciki da na waje sun daidaita ka jingina bayanka da ƙaton gungumen ƙofar ka tura. Kowane lok yana cin kamar minti goma sha biyar idan babu layi. Masu wannan harka suna lissafi da cewa ka haɗa yawan mil da yawan lok ka raba uku, abin da ya fito shi ne awannin tafiyarka.

Haɗarin lok yana a dokin ƙofa. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai wani tudun dutse da ruwa ke rufewa, kuma an ja farin layi a bango don nuna iyakarsa. Idan kana gangarawa ka bar gindin jirgi ya koma bayan wannan layi, ruwa zai janye, gindi ya maƙale a kan dutse, goshi ya ci gaba da nutsewa. A tafiyata ta farko na juya ina amsa wa wani mai wucewa gaisuwa, ban lura jirgi ya ja baya ba, sai na ji ƙasan ƙafata ya daina sauka alhali gaba yana sunkuyawa, kofuna suka fara zamewa a kan tebur a ciki. Ƙanena da ke kan ƙofa ya saki marafen ƙasa nan take kamar yadda aka koya mana, ya ruga ya buɗe na sama kaɗan, ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Abin bai kai minti biyu ba, amma tun daga ranar ba na magana da kowa idan ina cikin lok.

Hanyar da zan ba ka ita ce kanal ɗin Llangollen, a kan iyakar Ingila da Wales, kuma ka karɓi jirgi a Chirk ko Trevor. Kanal ɗin gaba ɗaya yana da lok 21, amma 19 daga cikinsu suna can ƙasa, daga Hurleston zuwa Grindley Brook. A ɓangaren da nake faɗa maka biyu ne kacal, a New Marton, kuma daga nan sai ka yi kimanin mil 20 ba ka ƙara ganin ko ɗaya ba, ka wuce tafkunan Ellesmere da fadamar Whixall, shanu da tumaki suna kiwo har bakin ruwa. Karkarar da Hajiya ke nema ke nan.

A wancan ɓangaren kuma akwai gadar ruwa ta Pontcysyllte, wadda Thomas Telford da William Jessop suka gina aka buɗe a 1805. Kwami ne na narkakken ƙarfe mai tsawon mita 307, a kan ginshiƙan dutse 18, yana ɗauke da kanal ɗin mita 38 a saman kogin Dee, kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Gefe ɗaya akwai turbar ƙafa mai shinge, ɗaya gefen kuwa babu komai sai bakin ƙarfen da bai fi taƙi ba a saman ruwa, idan ka leƙa sai ka ga kan bishiyoyi a ƙarƙashinka. Jirgi ba zai iya fita daga kwamin ba, amma yara su kasance a cikin ɗaki har a haye. Kusa da Chirk akwai wata gadar ruwan mai tsayin mita 21, da rami mai tsawon mita 421 wanda jirgi ɗaya kawai yake ɗauka, sai ka kunna fitila ka tabbatar babu mai tahowa kafin ka shiga.

Abu biyu za ka kiyaye a wannan kanal. Ruwansa yana gudu, saɓanin yawancin kanal, domin ana ɗebo shi daga kogin Dee a Horseshoe Falls ana kai shi madatsar Hurleston don ruwan sha, saboda haka tafiya zuwa Llangollen ta fi dawowa jinkiri. Sannan tsakanin Trevor da Llangollen akwai wurare matsattsu da aka sassaƙe a jikin dutse, inda jirgi biyu ba sa wucewa, dole maiɗakinka ta yi gaba a ƙasa da waya a hannu ta gaya maka hanya ta buɗe. Watan Agusta shi ne mafi tsada da cunkoso, kada ka yi mamakin ganin hayar mako ta haura fam 1,500, kuma kafin ka biya ko sisi ka duba sanarwar rufe hanya ta hukumar Canal & River Trust, wadda ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan ruwaye tun 2012, domin gyara ko ɓallewar gaɓa ko ƙarancin ruwa kan sa a rufe wani yanki.

Maman Sadiq, Leicester

Baban Hanifa, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka kamar yadda kake nema wa Hajiya farin ciki. Na yarda da Injiniya a kan hanya, amma ban yarda da mako guda ba. Shi yana magana ne daga bayan jirgi inda ake tuƙi, ni kuwa zan yi magana daga ciki, inda mata da yara da tsofaffi suke wuni. Mun yi wannan tafiya da surukata, kuma da mun ɗauki kwana bakwai da ta gaji da mu, mu ma mun gaji da juna. Kamfanoni suna ba da gajeriyar haya, daga Litinin zuwa Juma'a, dare huɗu ke nan, kuma ya isa ku je Llangollen ku dawo, ku leƙa Ellesmere idan kun ga da hali. Gara Hajiya ta sauka tana cewa ina ma an ƙara kwana, da ta riƙa ƙirga ranakun komawa gida.

Cikin jirgin nan lungu ne mai tsawo. Faɗinsa daga bango zuwa bango bai kai mita biyu ba, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya raɓe, gadon da suke kira na mutum biyu kuwa ƙafa huɗu ne. Daga wurin tuƙi zuwa ciki akwai matakala uku ko huɗu masu tsayi, waɗanda ba su dace da mai ciwon gwiwa ba. Ka nemi jirgin da ke da wurin zama a goshi, ka sa mata matashi da bargo a can, domin nan ne nesa da ƙarar inji, ba ta jin komai sai motsin ruwa da kukan agwagi. Surukata a nan take wuni da carbinta da butar shayi, tana ɗaga wa masu wucewa hannu, tana faɗa mana wace saniya ce ke da ciki a garken da muka wuce. Ka tabbatar gadonta kafaffe ne, ba irin wanda ake naɗewa ya koma teburin cin abinci ba, kuma yana kusa da banɗaki. Dare yana da sanyi a kan ruwa ko a Agusta, ku tafi mata da rigar sanyi da safa.

Maganar ruwa ita ce wadda Turawan da ke ba da hayar ba za su hango muku ba. Tankin jirgi an auna shi ne da bukatar mutanen da ba sa alwala sau biyar a rana. Mu kullum sai mun tsaya a famfon bakin kanal mun cika, kuma wani famfon yana cin fiye da rabin awa. Banɗakin kuma tanki ne a ƙarƙashinsa, duk ruwan butar da aka zuba ciki yake taruwa, idan ya cika sai an je an biya an zuƙe. Ku nemi jirgi mai banɗaki biyu, ku koya wa yara tattalin ruwa tun daga gida. Ruwan zafi da cajin batir daga inji suke zuwa, sai ya yi awanni yana aiki a rana, kuma ba a yarda a kunna shi a wurin kwana daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba, saboda haka wanka ya fi daɗi da yamma bayan an tsaya.

Salla ba ta ba mu wahala ba. Alƙibla daga wannan yanki tana kudu maso gabas, wajen digiri 118, kuma da yake kusan ko'ina a gefen turba ana iya kafa turke a ɗaure jirgi, mukan tsaya ne kawai idan lokaci ya yi. Maza suna yi a kan ciyawa, amma ku shimfiɗa leda a ƙarƙashin darduma kuma ku duba wurin da kyau, saboda masu yawo da karnuka suna da yawa a turbar. Mu mata a falon jirgi muke yi ɗaya bayan ɗaya. Maganar ƙasaru kuwa ka kai ta gaban malaminku tun kafin tafiya, ka faɗa masa nisan da yawan kwanakin.

Ku sayi namanku a Birmingham, domin ƙauyukan bakin kanal ba ku samun na halal, kuma yawancin wuraren cin abincin da ke kan hanya mashaya ce. Firjin ƙarami ne, don haka ni soyayyen nama da dambu na yi, na daskarar da miyar kuka da ta taushe a robobi. Akwai murhun gas da tanda, amma tukwanensu ba sa tuƙa tuwon mutum shida, ku ɗauki taku da muciya.

Ɗan Gaya, Toulouse

Salamu alaikum. Ni a bakin kogin Kwara na tashi, a Gaya ta Nijar, yanzu kuma ina zaune a gefen Canal du Midi a kudancin Faransa, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda namu yake, ko da wani mai karatu zai amfana. Wannan kanal ya girmi yawancin na Ingila nesa ba kusa ba. Pierre-Paul Riquet, wani mai karɓar harajin gishiri ɗan garin Béziers, shi ya sami izinin haƙa shi a 1666, ya zuba dukiyarsa a ciki, ya rasu a 1680 saura watanni a buɗe shi a 1681. Tsawonsa kilomita 240 ne daga Toulouse zuwa tafkin Thau a bakin Bahar Rum, kuma dabarar da ta sa ya yiwu ita ce tattaro ruwan tsaunin Montagne Noire a kawo shi wuri mafi tudu a Naurouze, daga nan ya gangara gabas da yamma.

Ga mai dattijuwa, jiragen nan sun fi na Ingila sauƙin zama, domin suna da faɗi, ana tuƙa su da sitiyari kamar mota, kuma da yawa suna da wurin zama a sama. A yawancin lok akwai ma'aikaci ko na'ura, aikinku riƙe igiya ne kawai, sai dai ana tsayawa da rana lokacin cin abinci. Tsakanin Argens da Béziers akwai kilomita 54 babu lok ko ɗaya, kafin a iso jerin lok na Fonseranes. Nan ma ba a neman lasisi ga jirgin haya, gudu kuma kilomita 8 ne a awa. Naman halal ba ya wuya a Carcassonne da Béziers.

Duk da haka ba zan ce ka kawo Hajiya bana ba. Bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa, sai ta nemi ta Schengen, kuma a ƙa'ida daga ƙasar da take zaune ake nema, wato tun tana Nijeriya. Ga zafin Agusta, wanda yake da ƙarfi a nan, ga shi inuwar ta ragu. Bishiyoyi kusan 42,000 ne suke jere a gaɓar kanal ɗin a da, amma tun 2006 wata cuta ta kama su, an sare dubbai, waɗanda aka dasa a madadinsu kuma ba su gama girma ba. Na ga wuraren da na sani da duhuwar inuwa sun koma fili, kuma abin yana taɓa ni duk lokacin da na bi ta wurin. Idan tafiyar bana ta yi mata daɗi, ku shirya nan a watan Mayu ko Satumba na wata shekara.

Game da tsoronta, ka gaya mata maganar ɗan bakin kogi: abin da ke kifar da jirage a wajenmu shi ne lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da kututturen da ke ɓoye a ruwa, da iskar damina a fili mai faɗi. A kanal an ƙayyade yawan mutanen jirgi, ba a tafiya da dare, kuma gaɓa tana kusa da kai ta kowane gefe.

Dakta Uwani, Norwich

Baban Hanifa, ina yi wa Hajiya fatan isowa lafiya. A nan kusa da mu akwai Norfolk Broads, koguna da tafkuna masu kimanin mil 125 na hanyar jirgi, kuma mutane da yawa za su ce maka can ya fi dacewa da tsofaffi saboda ba a fama da lok kuma jiragen suna da faɗi. Ni ban ba ka shawarar can ba a karon farko. Ruwan ya fi zurfi, yana hawa yana sauka da na teku, a wasu wuraren kamar Great Yarmouth yana da ƙarfin ja, kuma faɗin tafkin kaɗai ya isa ya tayar wa mai tsoron ruwa hankali. Kanal a mafi yawan wurare bai wuce ƙirjin babban mutum ba, ko da yake lok yana da zurfi sosai, kuma ruwan yana da sanyin da zai iya ɗauke numfashin wanda ya faɗa ko da ya iya iyo.

Ka karɓi rigar ceto ga kowane yaro da Hajiya da maiɗakinka, kamfanoni suna bayarwa, a gwada wa kowa tasa kafin ku tashi, kuma ƙaramin ya sa tasa duk lokacin da yake waje. Idan wani ya faɗa ruwa, abu na farko shi ne a tsayar da farfela, kada a yi ribas zuwa wajensa, a jefa masa tayar ceto, a ce masa ya gwada miƙewa tsaye. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango don ya tare karo, domin nauyin jirgin ya haura tan goma, kuma irin wannan rauni ya fi nutsewa yawa. Idan leda ko igiya ta naɗe farfela, ka kashe inji ka zare makulli ka sa a aljihunka kafin ka buɗe marfin da ake zura hannu, sannan ka tabbatar ka ɗaure shi tam bayan ka gama.

Akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a ruwan kanal, tana shiga ta ciwo ko ƙujewa. Ba ta da yawa, amma a rufe kowane rauni da filasta, a wanke hannu bayan taɓa igiya, kada kuma a yi alwala da ruwan kanal. Wanda ya yi zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya ya gaya wa likita ya yi tafiyar ruwa. Jirgin yana da na'urar da ke ƙara idan iskar gubar hayaƙi ta taru, kada ku toshe ramukan shan iska don jin sanyi, kada kuma a shigar da gawayi ko kaskon turare ciki. Magungunan Hajiya su kasance sun ishe ta har da ƙari, da takardar sunayensu. Gadojin wannan kanal suna da lamba a jikinsu, ku saba da lura da wadda kuka wuce, domin idan kun kira lambar gaggawa ta 999, da sunan kanal da lambar gada za a same ku.

Baban Hanifa, Birmingham

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa maiɗakina duka, kuma mun tsaya a kan Llangollen, dare huɗu daga Litinin zuwa Juma'a kamar yadda Maman Sadiq ta ce, a jirgi mai banɗaki biyu da wurin zama a goshi. Na kuma roƙi ɗan yayata da ke karatu a Coventry ya biyo mu, domin maganar Injiniya gaskiya ce, hannu biyu ba za su isa ba, saboda haka jirgin mutum takwas za mu nema.

Jiya da daddare na kira Hajiya na faɗa mata maganar Ɗan Gaya kalma da kalma, na kuma tura mata hoton jirgin da na gadar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko da gaske ne idan ta ce a tsaya za a iya tsayawa ta sauka ta taka ƙasa. Na ce mata haka ne, in ban da kan gada da cikin rami. Ta ce to za ta shiga, amma gadar nan mai tsayi ba za ta haye ta a jirgi ba, ko dai ta taka da ƙafarta ta gefen shinge ko a nemo mata mota. Mun shirya idan ta iso zan fara kai ta jirgin yawon awa ɗaya da ke tashi daga tsakiyar gari, mu ga yadda za ta ji.

Injiniya, saura tambaya ɗaya. Idan muka karɓi jirgi a Chirk da rana, za mu iya isa Llangollen kafin magariba a ranar, ko gara mu kwana kafin gadar mu haye ta da sassafe lokacin da babu layi? Kuma mita 307 ɗin nan, mai ciwon gwiwa za ta iya takawa idan ɗan yayata ya riƙe mata hannu?